Lambu A Cikin Buhu: Abin Da Muka Gani A Gwashi

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Wannan magana ce ta kai mu Gwashi, ba neman labari ba. Wani abokinmu da muka yi kwalejin horon malamai tare ya yi rashin mahaifinsa tun farkon damina. Muka yi masa gaisuwa ta waya, amma zuciyarmu ba ta kwanta ba, gama tsohon nan ya sha ciyar da mu sa'ad da muke 'yan makaranta, ba mu da ko sisi. Muka yi ta ɗaga tafiya saboda halin hanya, har ruwa ya ɗauke, kaka ta yi nisa. Da abokin namu ya aiko cewa an ɗan sami sauƙi a makon nan, sai muka shirya, mu da wani malami ɗan'uwanmu, aka yi mana addu'a a gida, muka kama hanya. Uwargida ba ta yi barcin kirki a daren ba. Mu ma haka.

Gwashi tana cikin Ƙaramar Hukumar Bukkuyum, a yammacin Jihar Zamfara. Mai zuwa daga Gusau yakan bi titin Sakkwato, ya wuce Bunguɗu da Maru, sa'an nan a Mayanci ya karya ya bi titin da ya nufi Anka da Gummi. Ƙasar Gulbin Zamfara ke nan, ƙasar gero da dawa da wake, ga fadamu nan da can. Anka tsohon gari ne, can Sarkin Zamfara yake zaune. Tun da aka yanke jihar daga Sakkwato a 1996, taken da ta ɗauka shi ne noma abin alfaharinta. Wanda ya dubi ƙasar kuwa ya san ba fahariyar banza ba ce.

Amma akwai abin da ido yake gani daga tagar mota wanda ba ya cikin take. Gonakin da suke jikin gari an nome su har bakin katanga, ba a bar ko taku ɗaya ba. Da an yi nisa kaɗan sai ka ga fili ya koma saura, ciyawa ta fi mutum tsawo, ga tsofaffin kunyoyi a ƙarƙashinta. A cikin motar ba mai yawan magana. Duk wanda yake karanta labarai ya san abin da ya sami ƙauyukan Anka da Bukkuyum a watan Janairu na 2022, sa'ad da 'yan bindiga suka yi kwana da kwanaki suna kisa da ƙone-ƙone. Ya kuma san akwai wuraren da sai manomi ya biya haraji ga mutanen daji kafin ya girbe abin da ya shuka da hannunsa. Ba za mu daɗe a kan wannan ba, domin ba shi muka zo faɗa ba. Sai dai in ba a san shi ba, ba za a gane lambun da za mu ba da labarinsa ba.

Bayan Anka muka sauka daga mota muka hau babur. Muka isa da azahar, ƙura ta mai da mu kamar an tono mu.

Aka yi gaisuwa a zaure, aka yi addu'a wa mamaci, kowa bisa ga hanyarsa. Sa'an nan abokinmu ya shigar da mu cikin gida domin mu gai da mahaifiyarsa, wadda ta gama takaba ba da daɗewa ba. Mun san gidan shekara ashirin da suka wuce: tsakar gida fetal, rumbu uku, turken shanu a kusurwa. Yanzu turken ba shanu, sai awaki huɗu da tunkiya. Jikin katangar gabas kuwa, daga bakin madafa har bayan rumbu, buhuna ne a jere a tsaye, cike da ƙasa, kowanne da shukarsa. Muka ƙidaya ashirin da uku, ban da tsohon daro, da fasasshiyar randa, da jarkoki da aka yanke wa kai. Ga kuɓewa, wadda su suke ce wa guro. Ga yakuwa, su sure suke ce mata. Ga alayyafo, da lalo, da tumatir, da tarugu, watau attaruhu. Kabewa ta hau rufin akurkin kaji ta kwanta. A lokacin da duk gari ya fara yin fari saboda hunturu, wannan kusurwa kore take shar.

A gindin dogon yaro akwai rabin duro an rufe shi da tsohon gidan sauro, an ɗora katako a kai. An gitta sanda a bakinsa, wani ƙullin buhu yana rataye a cikin ruwa.

Muka ce, "Inna, sannu da aiki. Rini ake yi?"

Ta yi dariya ta ce, "Wane rini, Malam? Ruwan taki na. Abincin guro na da sure. Ɗebo ka sunsuna."

To, mai karatu, a nan sai mu faɗi gaskiya: muka ja da baya. Muna da dalili. Shekara biyu da suka wuce mun gwada wannan abu a makarantarmu tare da 'yan aji shida. Muka sami kashin kaji ɗanye, muka zuba a bokiti, muka ƙara sukari domin mun ga wani a waya yana cewa sukari yana ƙara masa ƙarfi, muka rufe da murfi ruf, muka manta da shi har mako uku. Ranar da aka buɗe, sai da 'yan aji huɗu da na biyar suka fita daga ɗakunansu. Ba mu daddara ba, muka kwarara shi yadda yake a kan renon tumatir da tsakar rana. Kafin kwana uku duk sun ƙone ƙurmus. Har yau akwai yaran da in sun hango mu sai su toshe hanci suna dariya a ɓoye, suna tsammani ba mu gani.

Amma ba a ƙin maganar uwa. Muka ɗebo a gwangwani muka kai hanci. Ba wari. Ƙamshin ƙasa ne, irin wanda yake tashi sa'ad da ruwan farko ya sauka. Launinsa kamar shayin da aka yi wa rowar ganye.

Muka ba ta labarin namu bokitin. Ta saurara har ƙarshe, sa'an nan ta ce, "Ruwa ba ya tsami banza, Malam. Kai ka ba shi ɗanye, ka hana mai iska. Ko mutum ka yi wa haka, shina wari."

Mun yi shekaru muna koyar da aikin gona a aji, ba mu taɓa jin an taƙaita darasin nan haka ba.

Ga yadda take yi, gama mun zauna mun tambaya dalla-dalla, ɗan'uwanmu malami yana rubutawa a bayan takardar jarrabawa. Aikin ba daga duro yake farawa ba, daga rami yake farawa. Bayan ɗakin awaki akwai rami biyu, kowanne zurfinsa ya kai gwiwa ko ya ɗan fi, faɗinsa kamar taku ɗaya da rabi. A ƙasa takan shimfiɗa karan dawa da aka sassara, sa'an nan sharar turke, watau kashin awaki da ragowar harawa da ƙasar da ta sha fitsari, sa'an nan ɗanyen ganye da ɓawon kayan miya, ta barbaɗa toka kaɗan, ta yayyafa ruwa. Haka za ta yi ta jerawa har rami ya cika ya yi tozo, ta lulluɓe da tsohuwar tabarma. Toka kaɗan ta ce, ta kuwa yi daidai, domin toka mai yawa takan kore ƙarfin taki ya bi iska. Akwai sanda da take soke a tsakiya. Bayan 'yan kwanaki in ta zaro ta ji da zafi da danshi, to, girki ya kama. In ta ji sanyi da bushewa, ta ƙara ruwa. Bayan mako biyu ko uku jikokinta su juye shi cikin rami na biyu, na gefe ya koma tsakiya. A wata na uku ba ka iya gane kara ko kashi a ciki, ya zama baƙar ƙasa mai laushi. Ba ta sa kashin kare, ko na kyanwa, balle bayan gidan mutum.

Wannan ruɓaɓɓen taki shi take jiƙawa. Mudu ɗaya na taki, ruwan rijiya kamar mudu goma. Ta ƙulle takin a buhu ta rataya, a inuwa. Safe da yamma a kaɗa ruwan da sanda sosai har ya yi kumfa. Kwana uku zuwa biyar ya isa. Sa'an nan ta ɗiba ta sirka da ruwa har ya yi fari-fari, ta zuba a gindin shuka da yamma, sau ɗaya a mako, bayan an riga an yi ban ruwa. Ba ta zuba shi a kan ganye. Abin da ya rage a cikin ƙullin kuwa ba a zubarwa, a bakin buhunan shuka ake baza shi.

Gidan sauron da ta rufe duro da shi ba ado ba ne. Sauro yana iya tashi daga ƙwai ya zama mai cizo cikin kwana bakwai zuwa goma a lokacin zafi, saboda haka ruwan da ya kwana mako a buɗe gidan haya ne aka gina wa zazzaɓi. Katakon kuma saboda masu rarrafe ne. Iyaye, ku lura da wannan ƙwarai. Ruwan da bai kai gwiwa ba ya isa ya halaka yaro in ya faɗa da ka.

Da dare muna zaune a tabarma da abokinmu, muka tambaye shi yadda aka yi gidan manomi babba ya koma noman buhu. Ya ce ai mun san yadda ake yi dā. In an gama girbi, mahaifinsa yakan aika wa wani Bafulatani da suka saba tun suna samari, ya zo da garkensa ya sauka a gonar, shanu su ci kara, su kwana a nan mako biyu ko uku, ana matsar da su daga wannan gefe zuwa wancan. Tsohon ya ba shi damin gero da gishiri, matansa su kawo nono cikin gida. Ba takarda, ba alƙali. Da haka gonar take samun takinta na shekara. Wannan al'ada ba ta Gwashi kaɗai ba ce, ko'ina a ƙasar Hausa an san ta. A kewayen Kano ma, inda mutane suka yi yawa har ba a barin gona ta huta, dā jakuna ne suke fita da taki daga birni cikin mangala, su komo da itace. Wani Bature masanin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya yi nazarin wannan tun shekarun 1960, ya nuna yadda takin gida ya riƙe ƙasar nan tana ba da amfani shekara da shekaru.

Yanzu fa? Abokinmu ya ce Bafulatanin nan an kore masa shanu tun da daɗewa, ya tashi da iyalinsa, ba a san inda ya nufa ba. Manomi yana tsoron makiyayi, makiyayi yana tsoron manomi, gona kuwa ita ce ta kwana da yunwa. Su ma nasu shanun huɗa sun sayar, gama ajiye sa a gida ya zama kiran ɓarawo. Takin zamani kuma, wanda gwamnatin tarayya ta tsayar da kuɗin buhunsa a Naira 5,500 a 2017, ya ninka sau da yawa bayan yaƙin Rasha da Yukiren na 2022 da cire tallafin man fetur a 2023. A watan Satumba na 2021, sa'ad da aka yanke layukan waya a Zamfara, aka kuma rufe kasuwannin mako domin a matsa wa 'yan bindiga, gidansu ya yi kwanaki ana miyar kuka tsura, ba tumatir, ba albasa. A lokacin ne Inna ta cika buhunta na fari. Ta taɓa jin bayanin a rediyo, sauran kuwa gwaji ne da ɓarna da sake gwaji.

Ashe lambun nan tsoro ne ya haife shi. Mun ga ya kamata a faɗi haka, kada wani ya karanta ya ce mutanen Gwashi sun sami sabuwar dabara sun huta.

Da muka komo gida mun bincika abin da masana suka ce, domin malami ba ya son tsohuwa ta fi shi bayani, ko da ta fi shi aiki. Abin da muka samu ya gaskata ta a wurare da yawa. Shuka ba ta da haƙori, sha take yi. Abincin da yake cikin taki sai ya narke a ruwa kafin saiwa ta ɗauka, jiƙon nan kuwa yana fitar da wanda ya riga ya narke, ya kai shi gindin shuka nan da nan. Shukar da take cikin buhu ta fi ta gona bukatar wannan, gama saiwarta ba ta da wurin zuwa kiwo, kuma kowane ban ruwa yana wanke wani abu ya fita ta ƙasa. Cikin taki kuma akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne masu aikin ruɓarwa. Waɗanda suke aiki da iska ba sa wari. In aka toshe iska sai waɗansu irin su karɓi aikin, su ne masu warin ruɓaɓɓen ƙwai. Kaɗawar safe da yamma iska ce ake ba ruwan. A Amurka da Turai, inda waɗansu suke renon shuke-shuke a cikin ɗaki ƙarƙashin fitilar lantarki, shayin taki suke kiran abin, sukan sa ɗan injin hura iska irin na tankin kifi ya yi ta aiki kwana ɗaya ko biyu. Sandar Inna ba ta bukatar lantarki.

Zafin nan da take ji a jikin sanda shi ma ba ƙaramin abu ba ne. Tulin da aka haɗa daidai yakan kai awo 55 na ma'aunin zafi ko fiye, zafin da yake kashe yawancin ƙwayoyin cuta da 'ya'yan ciyawa in ya daɗe kwanaki. Hanyar jera taki hawa-hawa da juya shi, wani Baturen Ingila mai suna Albert Howard ne ya tsara ta a rubuce a garin Indore na ƙasar Indiya tsakanin 1924 da 1931, shi da kansa kuwa ya ce manoman ƙasar ne malamansa. Ɗanyen kashi bai bi ta wannan wuta ba. Shi ya sa dokar noma marar takin zamani ta Amurka ta ce in an zuba ɗanyen kashin dabba a gona, sai an jira kwana 120 kafin a girbe abin da yake taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa. Alayyafo kuwa mako huɗu zuwa shida ake fara yankarsa. Ku yi lissafin da kanku. Batun sukarinmu ma, masana na ma'aikatar gona ta Amurka sun nuna a 2007 cewa ƙara kayan zaƙi a jiƙon taki yana sa ƙwayoyin cutar gudawa su hayayyafa a ciki. Watau ba tumatir kaɗai muka sa a hatsari ba a ranar, har da yaran mutane. Allah ya rufa asiri.

Inda za mu ja hankalin mai karatu shi ne wajen ƙarfinsa, gama akwai masu tallar ruwan taki kamar maganin kowace cuta. Buhun yuriya mai kilo 50, kashi 46 cikin 100 nasa sinadarin naitirojin ne, wanda yake sa ganye ya yi kore, watau kilo 23. Ruɓaɓɓen taki kuwa kashi 1 zuwa 2 cikin 100 yake da shi. Kafin ka sami kilo 23 sai ka tara buhu ashirin da wani abu, har zuwa arba'in da wani abu. Ruwan da aka jiƙa mudu guda a ciki, ɗan kaɗan daga cikin wannan kaɗan ɗin ya ɗauko. Saboda haka ba zai ciyar da kadada ta masara ba, ko wa ya faɗa maka. Masu cewa yana maganin cututtukan ganye kuma, gwaje-gwajen masana ba su zo daidai da juna ba, wani wuri ya yi, wani wuri bai yi ba. A ganinmu ainihin ƙarfin lambun Inna yana cikin takin da ta cakuɗa da ƙasar buhu tun farko, kashi ɗaya taki, kashi biyu ƙasa, da ɗan yashi. Ruwan taki ƙari ne, kamar kunun da ake ba yaro tsakanin tuwo da tuwo. Amfaninsa shi ne yana sa takin awaki huɗu ya kewaya buhu ashirin da uku har ƙarshen rani.

Ita ma ba ta ce ya fi haka ba. Da muka yaba, cewa ta yi, "Wanga miya ta, Malam. Tuwo shina daji."

Sai dai kada a rena miya. Gidan da yara suke cin ganye kowace rana, da gidan da suke cin tuwo da ruwan kuka, ana gane bambancinsu a fuskar yaran. Abin da ya ragu kuma jikarta takan kai maƙwabta a faranti, a sami na gishiri da sabulu.

Akwai tambaya guda da muka yi wadda ta sa fuskar abokinmu ta canza. Muka ce, ƙasar da aka cika buhunan nan, a tsakar gida aka tona? Ya ce a'a, daga tsohuwar gonarsu ta bayan gari aka ɗauko a baro, inda ya tabbata ba a taɓa dakan dutse ba. Muka gane abin da yake nufi. A 2010 ne aka gano yara suna mutuwa da yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, suna suma suna jijjiga, ana tsammani zazzaɓi ne ko sanƙarau. Ƙungiyar likitoci ta MSF ce ta fara kai ƙara. Da aka auna sai aka tarar gubar dalma ce. Duwatsun zinariya da ake haƙowa suna ɗauke da dalma mai yawa, ana kawo su cikin gida a daka a turmi, a niƙa a injin niƙan hatsi, a shanya a tsakar gida inda yara suke rarrafe suna sa hannu a baki. Yara aƙalla 400 suka mutu. Maganin da aka yi wa ƙasar shi ne a kankare samanta a gida-gida, a kai rami a binne, a kawo sabuwa mai tsabta a shimfiɗa. An yi haka a 'Yargalma da Tungar Guru a nan Bukkuyum, da Dareta, da Abare, da Sunke, da Tungar Daji, da Duza a Anka, sa'an nan Bagega a 2013. Gwashi ba ta cikin waɗannan takwas. Amma haƙar zinariya sana'ar yankin ce, samari suna zuwa suna komowa da ƙura a tufafinsu, mai hankali kuwa ba ya jira sai an zo aunawa.

Abin lura a nan shi ne dalma ba ta ruɓewa. Kara yana ruɓewa, kashi yana ruɓewa, zafin rami yana kashe ƙwayar cuta, amma dalma ƙarfe ce, ko shekara ɗari ta yi a rami tana nan. In ta shiga taki, ta shiga ƙasar buhu, ruwa ya fantsama ta a kan ganye, yara kuma su yi wasa da ƙasar. Wannan gargaɗi ba na Zamfara kaɗai ba ne. Ku da kuke zaune a Kano, ko Zariya, ko Gusau, kuna sayen takin bola a kura, ku dubi abin da yake ciki. Bolar zamanin kakanninmu toka ce da shara da kashin dabba. Ta yau akwai matattun batura, da leda, da gwangwanin fenti, da baƙin mai. Kada ku ɗebi ƙasa kusa da masu gyaran batirin mota ko inda ake ƙona shara. Buhu ko jarkar da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko na ciyawa a ciki, kada a shuka abinci a ciki, kada kuma a jiƙa taki. Ganye kuma a wanke shi sosai, a dafa.

Wata 'yar matsala da ɗan'uwanmu malami ya tayar ita ce ta rana. Shi a gidan haya yake, ɗaki biyu da ɗan baranda, yana so ya sa nasa a cikin ɗaki jikin taga saboda awakin maƙwabta. Inna ta ce ta gwada a rumfa, guro ya yi tsawo siriri kamar mai ciwo, bai yi 'ya'ya ba. Gaskiyarta. Tumatir da kuɓewa da attaruhu suna son rana kamar awa shida a yini, ba kuwa ruwan takin da zai maye gurbin rana. Alayyafo da lalo sun fi haƙuri da inuwa kaɗan. Cikin gida dai, amma ba cikin ɗaki ba. Ta kuma nuna masa ya huda gindin buhu domin ruwa ya fita, ya jera tsakuwa a tsakiya daga ƙasa zuwa sama domin ruwa ya ratsa, ya tsaga gefe ya soka dashe a nan ma. Ruwan wanke hatsi da na alwala duk a gindin zogale suke ƙarewa a gidan. Na wanki mai sabulu da yawa ne kaɗai take zubarwa waje.

Ba mu kwana biyu ba. Masu babur suka ce in za a fita a fita da hantsi, kada a kai la'asar a hanya. Inna ta ƙulla mana busasshen guro, da mudu guda na baƙin takinta a leda, ta ce mu zuba a sabon raminmu domin ya kama da wuri, kamar yadda ake sa tsohon nono a sabuwar madara. A wani shingen hanya jami'in tsaro ya ɗaga ledar ya tambaya mene ne. Muka ce taki ne. Ya kwance, ya duba, ya sunsuna, ya dube mu, ya ce, "Malam, daga nan har ina za ka kai ƙasa?" Muka faɗa masa. Ya girgiza kai ya ɗaure mana ledar da kansa.

Yanzu akwai rami biyu a bayan ajinmu, da buhu takwas jikin katanga. An rubuta sunayen masu kaɗa duro a allo, biyu da safe, biyu kafin a tashi, da mai duba gidan sauro. Buhu biyu mun bar su ba ruwan taki, sai ruwa tsura, domin yara su auna tsawon alayyafo da rula kowace Juma'a su rubuta, mu ga bambancin da idonmu. Mun hana sukari.

A makon jiya abokinmu ya kira. Ya ce Inna tana gaishe mu, ta ce a tambaya ko sandarmu ta yi zafi. Muka ce ta yi. Muka tambaye shi dawar da suka shuka a gonar nesa, wadda muka baro ana shawarar yadda za a yi a yanko ta. Ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce tana can.